Karkataccen Gidan Himley: shekara 258 a tsaye, kwana biyu aka gama da shi

A daren Asabar, 5 ga watan Agusta na 2023, wuta ta kama wata tsohuwar mashaya a bayan ƙauyen Himley, kusa da garin Dudley a tsakiyar Ingila. Da 'yan kwana-kwana suka iso, sai suka tarar an toshe 'yar hanyar da ke kaiwa wurin da tulin ƙasa. Motocinsu suka tsaya can nesa, suka yi ta haɗa mesa da mesa kafin ruwa ya kai ga wutar. Gari ya waye babu rufi babu tagogi, sai bangon jan bulo a tsaye. Ranar Litinin, tun ba a cika awa 48 ba, katafila ta zo ta baje abin da ya rage. Ƙaramar hukumar South Staffordshire ta ce ita ba ta ba kowa izinin rushe ginin gaba ɗaya ba, abin da jami'anta suka amince da shi kawai shi ne a sauke wani ɓangare na saman da ake tsoron zai rufto. Kwana biyu bayan nan 'yan sanda suka bayyana cewa suna ɗaukar gobarar a matsayin wadda aka cinna da gangan.

Sunan wurin Crooked House, wato Karkataccen Gida, kuma a karkacen yake. Gefe ɗaya na ginin ya fi ɗayan nutsewa cikin ƙasa da kimanin mita 1.2. Ƙofofi a karkace, tagogi a karkace, mutum ya shiga da hankalinsa garau sai ya ji ƙasa tana jan sa gefe. Abin da baƙi suka fi zuwa gani shi ne ɗan ƙwallon gilashi da ake ɗorawa a kan katakon jikin bango, a sake shi, sai a ga kamar yana gangarawa sama. Ba tsafi ba ne, ido ne ke ruɗuwa, don ya ɗauki bangon a matsayin ma'auni alhali bangon ne ya kauce.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwanmu da gidan giya. Giya haramun ce a wurin akasarinmu, kuma ba tallarta ake yi a nan ba. Sai dai mashaya a wurin mutumin Ingila ba wurin sha ba ce kurum. A ƙauyuka da tsofaffin unguwannin ma'aikata, nan ne majalisar unguwa, kusan matsayin da teburin mai shayi yake da shi a wurinmu: a nan ake jin wa ya rasu, wa ke neman ma'aikaci, a nan ƙungiyar ƙwallon unguwa ke taro, a nan ake zama bayan an dawo daga jana'iza. Tsohon da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse, sau da yawa nan ne kaɗai inda zai ji wani ya kira sunansa a yini. Shi ya sa rushe ta ya zama labarin da jaridun duniya suka ɗauka.

An gina gidan a 1765, kuma da farko gidan gona ne. Wajen 1830 ya koma mashaya, shekarar da majalisar dokoki ta yi dokar da ta ba duk magidancin da ya biya ɗan kuɗin lasisi damar dafa giya ya sayar a gidansa. Gwamnatin lokacin ta yi haka ne da tunanin janye talakawa daga barasa mai ƙarfi, kuma cikin 'yan shekaru dubban gidaje suka buɗe. Yankin da Himley take ana ce masa Black Country, saboda kwal da hayaƙin maƙeru da suka baƙanta shi a ƙarni na 19. Ƙarƙashin ƙasar duk ramukan haƙar kwal ne. A tsakiyar wannan ƙarni ƙasa ta zauna a gefe ɗaya na gidan, ya karkace, amma ya ƙi faɗuwa. Sunansa a takarda a lokacin Glynne Arms, don girmama mai filin, Sir Stephen Glynne, wanda ƙanwarsa ce matar William Gladstone, firaministan da ya hau mulki har sau huɗu.

A shekarun 1940 hukuma ta duba ginin ta ce ba shi da aminci, a rushe shi. Wanda ya cece shi kamfanin yin giya ne na Wolverhampton and Dudley Breweries, wanda ya tokare bangon da ginshiƙai da ƙarafa, ya bar shi a karkacensa. A 1986 ma gobara ta taɓa cin bene da rufin, aka gyara. A riƙe sunan wannan kamfani, domin shi ne ya koma Marston's a 2007, kuma shi ne ya sa gidan a kasuwa a 2023. Kamfani ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna. Abin da ya canza tsakanin hukuncin farko da na biyu shi ne ainihin labarin.

A zamanin da aka ceci gidan, kusan kowace mashaya mallakar wani kamfanin yin giya ce. Kamfanin na ba mutum haya da araha, da sharaɗin ba zai sayar da giyar kowa ba sai tasa. Ribar kamfani tana cikin ganga, ba a cikin bulo ba. Don haka muddin ganga na ƙarewa, rufin da ke yoyo matsalar kamfani ce, zai gyara. Ba tausayi ne ya sa aka tokare Karkataccen Gida ba, lissafi ne, amma lissafin da ya zo daidai da buƙatar mutanen unguwa.

Tsarin yana da nasa zaluncin. Ƙananan kamfanoni suka yi ta haɗewa, manya na haɗiye ƙanana, har ya zama kamfanoni shida ne ke yin kashi uku cikin huɗu na giyar da ake sha a ƙasar, kuma su ne ke riƙe da dubban mashayu. Hukumar hana babakere a kasuwa ta bincika, ta fitar da rahoto a 1989, gwamnatin Margaret Thatcher ta bi da doka: duk kamfanin yin giya da ke da mashaya sama da 2,000, sai ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi. Manufar ita ce a buɗe kasuwa, mai mashaya ya samu 'yanci, mai sha ya samu zaɓi.

Abin da ya biyo baya ba shi aka nufa ba. Dokar ta ɗaure masu yin giya ne, ba ta ce komai ba game da kamfanin da ba ya dafa ko kofi ɗaya. Nan da nan aka kafa sababbin kamfanoni waɗanda sana'arsu mallakar mashayu ce kawai. Biyu daga cikinsu, Punch Taverns da Enterprise Inns, kowanne ya tara sama da 8,000 a tsakiyar shekarun 2000. Da bashi suka saye su, bashin biliyoyin fam, suka jinginar da gine-ginen da kuɗin hayar da za su riƙa karɓa. Sharaɗin nan na dole ka sayi giya a hannunmu kuwa bai tafi ko'ina ba, hannu kawai ya canza.

A duba yadda abin yake a wurin ɗan haya. Yana biyan kuɗin haya, wanda ake ƙarawa in aka ga ciniki ya yi kyau. Gangar giyar da maƙwabcinsa mai zaman kansa zai saya a kasuwa, shi sai ya saye ta a hannun mai gida da tsada sosai. A wurare da yawa har na'ura ake saƙala wa bututun giyar, tana ƙirga abin da ya wuce, don a kama shi in ya sayo daga waje. Injin caca da ke lungu ma ana raba kuɗinsa da mai gida. Shi da matarsa suna tsaye tun hantsi har tsakar dare, ga girki ga share-share. Wani bincike da ƙungiyar CAMRA ta fitar a 2013, ƙungiyar masu kare mashayu da aka kafa a 1971, ya nuna fiye da rabin irin waɗannan 'yan haya ba sa samun fam 10,000 a shekara. In ya gaji ya miƙa makulli, kamfani ba ya asara sosai: ko ya sa wani sabon ɗan haya da ya zo da kuɗin sallamarsa daga aiki, ko ya sayar da filin a gina gidajen kwana ko kanti. Da rikicin kuɗi na 2008 ya zo, masu bashi suka matsa, sai sayarwar ta zama ita ce sana'ar. A tsakiyar 2009 ƙungiyar masu sana'ar ta ce mashaya 52 ke rufewa a kowane mako.

Ba wannan ne kaɗai dalili ba, kuma masu ɗora wa kamfanonin laifin komai suna sauƙaƙa wa kansu ne. Mutanen da suka cika mashayun Black Country ma'aikatan rami ne da na maƙera, masu fitowa daga aiki da maƙogwaro a bushe. Mahaƙar kwal ta Baggeridge, wadda ke dab da Himley kuma ita ce babbar mahaƙa ta ƙarshe a yankin, ta rufe a 1968. Masana'antar ƙarfe ta Round Oak a Brierley Hill ta bi baya a 1982. Tun 1967 aka fara gwada numfashin direbobi a kan hanya, abin da ya rage zuwa duk mashayar da sai da mota ake isa gare ta, kuma Karkataccen Gida na cikinsu. An hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a a Ingila daga 1 ga Yuli 2007. Daga 2008 zuwa 2013 harajin giya ya riƙa hawa kowace shekara sama da hauhawar farashi, har ya ƙaru da kashi 42 cikin 100 kafin ministan kuɗi George Osborne ya soke tsarin. Manyan kantuna kuma suna sayar da ita da arahar da babu mashayar da za ta iya. A 1980 fiye da kashi 80 cikin 100 na giyar ƙasar a mashaya da makamantanta ake shan ta. A 2015, karon farko, wadda ake saya a kanti a tafi da ita gida ta fi yawa. Sai korona, wadda ta sa aka kulle duk mashayu ranar 20 ga Maris 2020, sannan tsadar wuta da gas ta 2022. Matasan yanzu ma ba sa sha kamar iyayensu. Jimilla, daga mashaya kusan 69,000 a 1980, an sauko zuwa 60,800 a 2000, yanzu ana maganar wajen 45,000.

Wani abin lura shi ne sana'ar kanta ba ta mutu ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna a 2018 cewa duk da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mashayu sun rufe cikin shekara goma, kuɗin da ake kashewa a cikinsu bai ragu ba, ma'aikata ma ƙaruwa suka yi. Ƙananan na unguwa ne suka tafi, manyan da ke tsakiyar gari masu sayar da abinci suka ƙara girma.

Akwai wani dalili da ake yawan jefawa wanda ya shafe mu kai tsaye. A ƙarshen 2014 wani ɗan majalisar dattawan Birtaniya, Lord Hodgson, wanda tsohon darakta ne a Marston's ɗin nan, ya tashi a zauren majalisa ya ce ƙaruwar Musulmi a birane irin su Birmingham da Leicester da Manchester na cikin abin da ke rufe mashayu. A wasu unguwanni akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don an ga tsofaffin mashayu sun koma gidajen abinci na halal, wasu ma masallatai. Amma ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kashi 6.5 cikin 100 ne na mutanen Ingila da Wales, kuma mashayu sun yi ta rufewa a ƙauyukan da ba a taɓa jin kiran salla ba. A Black Country ma baƙi ne suka ceci da yawa. 'Yan asalin Punjab sun karɓi mashayun da suka durƙushe a West Bromwich da Smethwick, suka sa gasasshen nama da abincin gida, wuraren suka farfaɗo. Kuma waɗannan su ne mutanen da a da ake hana iyayensu zama ɗaki ɗaya da Turawa. A Fabrairun 1965, kwana tara kafin a kashe shi, Malcolm X ya ziyarci Smethwick, aka kai shi wata mashaya ya ga wariyar da idonsa. Majalisar unguwar da ake kuka a kanta yau ba kowa take karɓa ba a lokacin.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin toshe ɓarakar, amma kullum a makare. Wata doka ta 2011 ta ba mazauna unguwa, in sun kai mutum 21, damar neman a yi wa gini rajista a matsayin kadarar al'umma. In mai shi ya tashi sayarwa, sai a dakata wata shida jama'a su nemi kuɗi. Ta haka mutanen Nunhead a kudancin Landan suka sayi Ivy House a 2013. Tun kafin dokar ma, a 2003, mutanen ƙauyen Hesket Newmarket a arewacin Ingila sun yi karo-karo sun sayi tasu. Sai dai dokar ba ta tilasta wa mai gida ya sayar wa jama'a, jira kawai take sa shi. A 2016 aka ba 'yan hayar manyan kamfanoni damar neman fita daga sharaɗin sayen giya, a 2017 kuma aka wajabta neman izini kafin a rushe mashaya ko a mai da ita wani abu a Ingila.

Karkataccen Gida bai amfana da rajistar ko ɗaya ba. Duk shahararsa, ba ya cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Kowa ya ɗauka yana ciki. A farkon 2023 Marston's ta sa shi a kasuwa tare da wasu mashayu kimanin sittin, a kan fam 675,000. A tsakiyar shekarar ɓarayi suka fasa shi suka yi ɓarna, aka rufe, ba a sake buɗewa ba. A ƙarshen Yuli aka sanar cewa an sayar da shi ga wani mai saye da ke da niyyar yin wani abu dabam da wurin. Sai a lokacin aka farga, aka fara tattara sa hannu, aka aika wa hukumar kula da wuraren tarihi takardar neman a kare shi. Takardar na kan tebur wuta ta tashi.

Wanda ya saya kamfani ne mai suna ATE Farms, kuma jaridu sun ruwaito cewa masu shi suna da alaƙa da kamfanin da ke gudanar da katafaren jujin da ke maƙwabtaka da mashayar. Wannan ya sa tsegumi ya yi yawa. Amma tsegumi ba hujja ba ne. 'Yan sanda sun kama mutum shida cikin watannin da suka biyo baya, aka sake su ana ci gaba da bincike, kuma har aka cika shekara da gobarar ba a gurfanar da kowa a kotu ba.

Jama'ar yankin sun nuna abin da ba a zata ba. Suka yi dafifi a kan kufan, wasu suna kuka, wasu suna tsintar bulo su tafi da shi gida. Wasu suka kafa tanti suna gadin wurin dare da rana don kada a kwashe ɓaraguzan. Zauren da suka buɗe a Facebook ya tara dubban mutane cikin 'yan kwanaki. Daga baya aka tsince bulon da bai fashe ba, aka zuba a manyan kwantenoni, aka garƙame da kwado a gaban jama'a. Andy Street, magajin yankin West Midlands na lokacin, ya ce dole a sake gina shi bulo bayan bulo. Tambayar da ba a so a yi a wurin ita ce, cikin wannan taro, mutum nawa ne suka taka ƙafa can a shekarar da ta gabata? Hanyar doguwa ce, ta bi ta gefen juji, masu zubar da shara a ɓoye sun lalata ta. Mutane da yawa sun so gidan ne irin son da ake yi wa abin da aka tabbata yana nan, ana kai baƙo sau ɗaya ya ga ƙwallon gilashi, a ɗauki hoto, a tafi. Wannan ba ya wanke wanda ya turo katafila, amma yana bayyana yadda aka yi kamfani ya ga gara ya sayar.

Maganar sake ginawa ba mafarki ba ce, don an taɓa yi. A Afrilun 2015 wani kamfanin gine-gine ya rushe Carlton Tavern a yammacin Landan ba tare da izini ba, ana dab da sa ta cikin gine-ginen tarihi. Ginin ne kaɗai a layinsa da ya tsira daga bama-baman Jamus a yaƙin duniya na biyu. Ƙaramar hukumar Westminster ta ƙi karɓar tara ta yi shiru, ta ce a mayar da shi yadda yake. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara ya sha kaye, aka sake ginin, aka buɗe a Afrilun 2021. Darasin da masu gine-gine suka saba da shi kafin nan shi ne rushe tukuna, ka biya tara daga baya, don tarar ba ta kai ribar fili ba. CAMRA ta ce a farkon rabin 2023 kusan ɗaya cikin uku na mashayun da aka rushe ko aka canza musu aiki, babu alamar an nemi izinin da doka ta ce.

A ƙarshen Fabrairun 2024 ƙaramar hukumar South Staffordshire ta bi sawun Westminster, ta ba masu wurin shekara uku su mayar da ginin yadda yake kafin gobara. Aiki ne mai wuya fiye da na Landan, domin ba a taɓa zana wannan karkata a takarda aka gina ba, ƙasa ce ta yi ta a hankali. Masu wurin suka ɗaukaka ƙara, suka ce in ma za a gina, a bar su su gina a wani filin nasu da mutane za su fi iya zuwa, abin da masu fafutuka suka ƙi. An ɗage zaman sauraron ƙarar fiye da sau ɗaya, bisa hujjar cewa zai iya shafar binciken 'yan sanda, kuma a dokar Ingila muddin ƙara na gaban hukuma, umarnin sake gini a dakace yake, shekara ukun ba ta fara ƙirguwa ba.

Shi kuwa Marston's, a Yulin 2024 ya sayar wa Carlsberg ragowar hannun jarinsa a harkar yin giya, ya zama kamfanin mashayu zalla. Bayan 'yan watanni sababbin masu harkar suka sanar da rufe masana'antar Banks's ta Wolverhampton, wadda ta shafe kusan shekara 150 tana aiki, kuma daga cikinta ake kai wa Karkataccen Gida ganguna.